Lasisi, Zambo da Habaici a Wasan Labari na Kan Tebur: Tambayoyi da Amsoshi

Ranar Asabar bayan La'asar mukan haɗu a wani zaure a Gwammaja, mu shida, wani lokacin bakwai, kowa da takardarsa da fensir, ga ƙwaya irin ta ludo amma mai fuska 20 a tsakiya. Sunansa dai wasan kan tebur, amma mu a tabarma muke yi. Tun da ƙannenmu suka fara sha'awar rubuta nasu labaran su buga su sayar, tambayoyin da suke kawo mini ba sa wuce biyu: me aka yarda in ara, kuma wa aka yarda in yi wa dariya. Na tattara su nan kamar yadda aka yi mini su. Ni mai jan wasa ne, ba lauya ba, don haka wanda zai zuba kuɗi mai kauri a ɗab'i ya kai wa lauya takardunsa ya duba.

Wai wane irin wasa ne wannan, kuma ina ruwansa da lasisi?

Tatsuniya ce da masu saurare suke da bakin magana a cikinta. Mai jan wasa ya shimfiɗa labari, kowane ɗan wasa ya ɗauki jarumi ɗaya ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, in akwai shakka a jefa ƙwaya ta raba gardama. Uban tafiyar shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR. A 1997 Wizards of the Coast ya sayi TSR, a 1999 kuma Hasbro ya sayi Wizards.

Inda lasisi ya shigo shi ne, wasan ba ya tafiya sai 'yan wasa sun ƙirƙiri nasu: sabon gari, sabon dodo, sabon labari. Muddin abin yana cikin zaure, babu mai tambayarka. Ranar da ka kai shi gidan ɗab'i ko ka ɗora shi a intanet da farashi, ka shiga gonar masu haƙƙi.

Yaya, na ji ka ce ƙa'idar wasa ba ta da mai ita. To me zan yi da lasisi?

Na faɗa, kuma haka ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta fitar da tunani da tsari da hanyar gudanar da abu daga cikin abubuwan da ake mallaka. Kotun Ƙolin Amurka ta tsaya a kan irin wannan tun 1879 a shari'ar Baker da Selden. Saboda haka “jefa ƙwaya, ƙara lambar ƙarfinka, in ta kai 15 ka yi nasara” ba na kowa ba ne, kamar yadda babu mai cewa shi ya mallaki dara.

Abin da ake mallaka shi ne lafazin da aka rubuta ƙa'idar da shi, da zane, da labari, da jarumai, da taswira. Sai kuma tambarin kasuwanci, wanda dokarsa daban ce: suna da alama da fasalin bango da mai saye yake gane kamfani da su. Matsalar ita ce iyakar da ke tsakanin tsari da lafazi ba ta da shinge. Jadawalin matakan jarumi, tsari ne ko rubutu? Amsar tana bakin alƙali, zuwa gaban alƙali kuwa kuɗi ne. Lasisi ba komai ba ne illa alƙawarin mai kaya cewa in ka bi ta nan ba zai kai ka kotu ba.

TSR kansa ya ɗanɗana wannan. A 1977 masu riƙe da haƙƙin ayyukan Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, suka yi masa barazanar shari'a, dole ya canja sunayen halittun da ya aro daga labaran marubucin, ya mai da hobbit ya koma halfling, ent ya koma treant, balrog ya koma balor.

Mene ne OGL da SRD da ake ta ambata?

A 2000, tare da bugu na uku na Dungeons & Dragons, Wizards ya fitar da lasisin da ake kira OGL, wanda Ryan Dancey ya jagoranta. Tare da shi akwai kundi mai suna SRD, inda aka zuba ɓangaren ƙa'idojin da kowa zai iya kwafa kalma da kalma, ya gyara, ya sayar, ba tare da biyan sisin kwabo ba. A kan wannan ne kamfanin Paizo ya gina nasa wasan mai suna Pathfinder a 2009, har ya zama babban kishiyar mai gidan.

Sai aka wayi gari a Janairun 2023 daftarin wani sabon OGL ya ɓulla. A ciki ana neman soke tsohon, a kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na duk cinikin da ya haura dala 750,000 a shekara. Jama'a suka yi caa, masu biyan kuɗin D&D Beyond, wato dandalin wasan da kamfanin ke da shi a intanet, suka fara janyewa, ƙananan kamfanoni suka ce sun yi hannun riga da Wizards. Kamfanin ya kawo wani daftarin, ya nemi ra'ayi, mutum sama da 15,000 suka amsa, mafi yawansu suka ce ba sa so. Ranar 27 ga Janairu kamfanin ya lashe amansa: ya bar tsohon OGL yadda yake, ya kuma saki SRD 5.1, wato kundin ƙa'idojin bugu na biyar na wasan, ƙarƙashin Creative Commons, wani lasisin kyauta da ba na kamfanin ba, wanda shi kansa ba shi da ikon janyewa. A Afrilun 2025 SRD 5.2 ya biyo ta wannan hanyar. Paizo kuwa, da ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya jagoranci wasu kamfanoni suka yi nasu lasisin mai suna ORC a 2023.

To wanne zan ɗauka?

In ka tambaye ni, Creative Commons. Sharaɗinsa guda ne: ka rubuta cewa ka yi amfani da SRD na Wizards, ka ambaci lasisin, ka nuna ka yi canji. Lafazin da za ka kwafa yana nan a shafin farko na kundin. An ma yarda ka rubuta cewa littafinka ya dace da bugu na biyar. Abin da bai ba ka ba shi ne sunan Dungeons & Dragons da tambarinsa a bangonka, ko ka nuna kamar kamfanin ya sa maka albarka.

Tsohon OGL ya fi wahala, domin sai ka buga dukan rubutun lasisin a ƙarshen littafi, kuma ya hana ka ambaton tambarin wani don nuna dacewa. Akwai kuma DMs Guild, kasuwar da aka buɗe a 2016, inda ake barin ka ka yi amfani da duniyoyin kamfanin kamar Forgotten Realms da dodanninsa duka. La'adarta ita ce rabin kuɗin ciniki, kuma abin da ka kai can ba za ka sayar da shi a wani wuri ba. Wanda burinsa ya ga littafinsa a shagunan Sabon Gari, wannan ba ƙofarsa ba ce.

Ka kuma lura, dodon nan mai ƙaton ido ɗaya da ƙanana goma da ake kira beholder, da wanda ake kira mind flayer, ba a saka bayaninsu a SRD ba. Kamfanin ya riƙe kayansa.

Zan iya fassara ƙa'idojin zuwa Hausa in sayar?

SRD, ƙwarai kuwa, kuma da wani zai yi da ya taimake mu. Kamfanin ya fitar da shi da Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci, Hausa tana jiran mai himma. Amma cikakken littafin 'yan wasa da ake sayarwa, fassara shi ba izini satar fasaha ce, ko da kai ka sha wahalar fassarar. Haka ɗaukar hotonsa ana rabawa a WhatsApp.

Ai ni don raha na yi. Abin dariya ma sai an nemi izini?

Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe, don haka bari in tsaya.

Raha iri biyu ce. Akwai wadda ka kwaikwayi abu don ka yi wa shi abin kansa ba'a, kamar yadda ɗan kama yake ɗaukar salon mai wa'azi ya karkata shi zuwa tuwo da miya. Dole ya ari salon, in ba haka ba babu wanda zai gane abin da ake yi wa dariya. Akwai kuma wadda ka ari kayan wani don ka jefi wani daban da su, misali ka ɗauki jaruman wani kamfani ka sa su suna zolayar 'yan siyasar garinku. A 1994, a shari'ar Campbell da Acuff-Rose, Kotun Ƙolin Amurka ta bambanta biyun. Ta ce na farko yana da hujjar aro, ko da kuwa sayarwa yake yi. Na biyu kuma sai ya yi bayanin dalilin da ya sa bai tsaya da ƙafarsa ba, tun da yana iya yin zambonsa ba da kayan mutane ba.

Dokarmu ta fi sassauci a lafazi. Sashe na 20 ya ambaci kwaikwayon ba'a da zambo duka a cikin abubuwan da ake iya yi bisa adalci ba tare da izini ba. Amma ya ɗaure su da ma'auni huɗu: manufar amfanin da ka yi, irin aikin da ka ɗiba, yawan abin da ka ɗiba da muhimmancinsa, da kuma ko ka taɓa kasuwar mai shi. Wanda ya kwafe shafi 80 na littafin wani ya yayyafa barkwanci uku a kai, bai yi zambo ba, ya yi kwafi ne da murmushi. Ka ɗibi abin da zai sa a gane, ka tsaya nan.

Abu biyu kuma. Littafin da aka ɗora a kasuwar intanet ta Amurka, ƙa'idar kasuwar da dokar can za su hau kansa, kuma in aka kai ƙorafi galibi sauke shi ake fara yi kafin a saurare ka. Sannan wannan sassaucin na haƙƙin mallaka ne, bai shafi tambari ba. A Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a rikicin wani kamfanin giya da masu yin abin wasan karnuka mai kama da kwalbarsa, cewa in ka mai da kwaikwayon tambarin wani ya zama tambarin hajarka, cewa wasa kake yi ba zai kore shari'a ba. Ka yi ba'arka a cikin littafi, bangon ya zama naka.

Waɗanda suka yi wasannin barkwanci a can, yaya suka yi suka tsira?

Kowa da hanyarsa. HackMaster, wanda Kenzer & Company ya fitar a 2001, kwaikwayon tsohon Dungeons & Dragons ne ƙiri-ƙiri, amma da lasisin Wizards a hannu suka yi shi. Munchkin na Steve Jackson Games, shi ma 2001, wasan kati ne da ke zolayar 'yan wasan da ba su san komai ba sai kashe dodo da kwashe ganima. Ya zolayi ɗabi'ar, ya ƙirƙiri nasa dodannin da zanensa.

Wanda ya fi burge ni shi ne Paranoia na 1984. Birni ne a ƙarƙashin ƙasa da wata kwamfuta mai taɓin hankali take mulki, rashin farin ciki cin amanar ƙasa ne, kowane fom yana buƙatar wani fom, kuma kowane ɗan wasa yana da kwafin kansa shida saboda an san ba zai daɗe ba. Bai ari jarumin kowa ba, bai kama sunan shugaban kowace ƙasa ba, amma duk wanda ya taɓa bin fayil daga ofis zuwa ofis zai gane kansa a ciki. Ranar da na fara ja wa mutanenmu irinsa, wani ma'aikacin gwamnati a cikinmu dariya ya yi ta yi har da hawaye.

Lasisin zai iya hana ni wani irin barkwanci?

Ya danganta da wanda ka sa wa hannu. Creative Commons da tsohon OGL babu ruwansu da abin da ka rubuta. Amma a 2003, da wani kamfani ya shirya fitar da littafin batsa da tambarin d20, wato alamar da Wizards ke ba masu buga littattafan da suka dace da wasansa, Wizards ya ƙara sharaɗin kiyaye ɗa'a a lasisin wannan tambarin, littafin ya fita ba tambari. Daftarin da aka yi watsi da shi a 2023 ma yana da sharaɗin hana kalaman ƙiyayya, kuma kamfanin kaɗai ne alƙalin abin da ya zama ƙiyayya. Wannan na cikin abin da ya tunzura marubuta, domin mai zambo yakan sa wa mugu mugunyar magana a baki, mai tacewa da ke gaggawa kuwa ba lallai ya bambance ba. DMs Guild da sauran kasuwanni suna da nasu sharuɗɗan. In ka karɓi lasisi mai irin wannan, ka ɗaure kanka da yarjejeniya, kuma cewa doka ta halatta zambo ba zai kwance ka ba.

Malam, ina so in sa gwamna ko wani ɗan siyasa a matsayin dodon ƙarshe. Akwai lasisin da ya rufe ni?

Babu. Wizards ya ba ka ƙa'idojinsa ne, mutuncin ɗan Adam ba nasa ba ne balle ya ba da aronsa. Sashe na 20 ma kare ka yake daga mai littafi, ba daga wanda ka zana da wutsiya ba. Ɓata suna laifi ne a dokar Final Kod, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. A garin nan, a Nuwamban 2022, kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, kan bidiyon da suka zolayi gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Ko kana ganin hukuncin ya yi tsanani, kamar yadda masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce, ya dai faru, kuma bidiyo kan wuce, littafi kuwa yana nan da sunanka a bango.

Ba cewa nake a daina zambo ba. Mu da muka tashi da tashe ba za a koya mana shi ba. Daga goma ga azumi yara suna fitowa da gemun auduga da tumbin tsumma, a yi wa mai maganin ƙarya, a yi wa malamin da ya saki layi, Nalako ya bi gwagware da igiya. A fada akwai wasan gauta, a ƙauye akwai kalankuwa inda samari ke naɗa nasu hakimi da alƙali. Duk waɗannan hali suke kamawa, ba mutum ba, shi ya sa suka daɗe. Wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wanda aka yi dominsa ma ya sani, amma in ya tanka shi ya tona kansa.

To ka yi haka. Ka ƙirƙiri garinka, ka ba shi Sarkin Kwangila da ya haƙa rijiya ɗaya ya ƙaddamar da ita sau bakwai. Kada ka ba shi hular wani, ko karin maganar wani, ko sunan da harafi ɗaya ya raba shi da na wani, domin a shari'ar ɓata suna abin da ake tambaya shi ne ko mai karatu zai gane wa ake nufi. Kuma a lura da lokaci: wanda ya rubuta labarin birni mai sarakuna biyu a Kano ta bayan 2024, ko ya rantse cewa tatsuniya ce babu mai yarda.

Addini fa? Na ga wasan cike yake da gumaka da masu bauta musu.

Ba a zambo da addini, kuma ba sai na yi wa ɗan Kano bayanin dalili ba. SRD ya ba ka damar cire duk abin da bai kwanta maka ba. A zaurenmu jarumin da ke warkarwa mai magani ne da ya san saiwoyi, shi ke nan. TSR ma da ya yi Al-Qadim a 1992, duniya mai kama da ƙasashen Larabawa, ƙirƙirar nata aƙidun ya yi, bai saka Musulunci a wasa ba. Hukuncin wasa da ƙwaya kuwa tambayar malamai ce, ba ta lasisi ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je ya tambaya.

Gizo da Ƙoƙi, Tsumburbura, Bayajida: su ma sai da izini?

Waɗannan gadon kowa ne. Barbushe a kan Dala, macijiyar rijiyar Kusugu a Daura, zamanin Muhammadu Rumfa daga 1463 zuwa 1499, duk suna nan suna jiran mai jan wasa, kuma ni a ganina sun fi dodon aro. Sai dai dokar 2022 ta ba al'adun gargajiya kariya ta musamman, ta sa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya a kansu. Aro don gina sabon aikinka an yarda da shi, amma ka ambaci al'ummar ko wurin da abin ya fito, kada kuma ka jirkita shi ta hanyar da za ta zubar da mutuncin masu shi.

Kada dai ka haɗa tatsuniya da littafin marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, haƙƙin rubutu kuwa yana kai wa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Ke nan akun Magana Jari Ce yana da masu shi har ƙarshen 2051, komai yawan karanta shi da muka yi a firamare.

Hukumar tace finafinai tana da hannu a littafin wasa?

Cikakken sunanta ai har da ɗab'i: Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Marubutan Hausa sun sha kai ruwa rana da ita kan rajista da duba littafi kafin ya shiga kasuwa, musamman wajen 2008. Littafin wasa da aka buga da Hausa aka kai shago, littafi ne a idonta. Kafin ka biya mai ɗab'i, ka leƙa ofishinsu ka ji abin da suke nema a yanzu, ko ka tambayi 'yan ƙungiyar marubuta ta ANA reshen Kano, su sun riga ka bin hanyar.

Abokina ne ya yi mini zanen. Nawa ne ko nasa?

Nasa ne, sai in ya sallama maka a rubuce, domin doka ba ta karɓar sallamar haƙƙi da fatar baki. Ku rubuta ko da rabin shafi ne, ku sa hannu, tun kuna dariya da juna. Zanen littattafan Wizards kuwa ba ya cikin SRD ko ɗaya.

Mu da ba sayarwa za mu yi ba, a zaure kawai muke wasanmu, duk wannan ya shafe mu?

Kusan babu. Amfanin kai yana cikin abin da sashe na 20 ya bari, kuma babu kamfanin da zai biyo ku Gwammaja don kun sa beholder ya tare Ƙofar Mazugal. Ku ari abin da kuka ga dama, ku yi wa wanda kuka ga dama dariya. Abin da nake roƙon mutanena kawai shi ne su ajiye waya. Watannin baya wani ƙanenmu ya ɗauki bidiyon inda nake kwaikwayon muryar Sarkin Kwangila, ya ɗora a shafinsa na WhatsApp don abokai. Kafin Isha'i wani kawuna ya kira ni yana tambayar wa nake nufi, har ya ambaci mutum uku da yake zargi. Na sa yaron ya goge, kuma tun daga ranar wayoyi a cikin ƙwarya suke zama a bakin ƙofa sai an tashi.